Ka Turo Mini Bayan Hoton

Paris, 14 ga Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ina sake yi maka gaisuwar Baba, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Mu nan sanyi ya fara shiga ƙashi, amma muna godiya.

Na ga hoton da ka tsinta a adakar marigayi, na yaron nan mai gajeren wando yana gudu da burodin da ya kusa kai tsawonsa. Na san shi sarai. Willy Ronis ne ya ɗauke shi a nan Paris a 1952, kuma a shagon firam ɗin da nake aiki ba a cika wata biyu ba a kawo mana irinsa ba. Kafin ka fara lissafin gina bene a Damagaram, ka saurare ni: fuskar hoton ka turo, masu sana'ar nan kuwa bayansa suke fara juyawa.

Hoto ba kamar zanen hannu ba ne. Nagatif ɗaya, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, zai iya haifar da ɗaruruwa. Wanda aka wanke dab da lokacin ɗauka shi ne mai tsada. Wanda aka wanke bayan shekara 30, ko da mai hoton ya sa hannu, yana ƙasa da shi, na kalanda da fosta kuwa takarda ce kawai. A 2005 matar da ke cikin sanannen hoton sumbar da Robert Doisneau ya ɗauka a 1950 ta kai nata gwanjo, wanda shi ya ba ta tun lokacin, da hatiminsa a baya. An saye shi Yuro 155,000, sama da sefa miliyan 100. Fostar hoton nan ɗin dai kuɗinta bai wuce na abincin rana ba.

Ga abin da za ka yi. Ka samo gilashin ƙara girma wurin mai gyaran waya, ka duba fuskar hoton da shi. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar raga, bugun inji ne, magana ta ƙare. Idan inuwar ta tafi sumul, sai ka taɓa bayan. Takardar hoto ta zamanin da tana da kama da kwali mai laushi, fensir yana kama ta. Mai santsi kamar leda a baya ba ta bazu ba sai wajen 1970. Ka karkata shi a hasken taga kuma: tsohon hoto yakan yi wani sheƙi shuɗi-shuɗi a gefuna inda baƙi ya fi yawa, azurfar ciki ce ta taso.

Sannan ka je wurin ɗan canji ka ari fitilar da yake duba jabun kuɗi da ita. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanoni suka fara zuba wa takardar hoto sinadarin ƙara fari, irin na omo, wanda ke walƙiya a ƙarƙashin wannan fitila. Idan naka ya haska, da wuya a ce wankin 1952 ne. Idan bai haska ba, kada ka yi rawa tukuna, don ba kowace takarda aka sa wa ba.

Hatimi ne ya taɓa cin kuɗina. Shekarar da na zo, na sayi wani hoto a kasuwar tsofaffin kaya, an rubuta 1953 a bayansa, ga hatimi ɗauke da adireshi. Rabin albashina na ba da. Maigidana ya duba sau ɗaya ya yi murmushi, ya nuna mini lambar gidan waya mai alƙaluma biyar a jikin hatimin. Sai 1972 Faransa ta fara amfani da irin wannan lamba. Haka lambar tarho: idan ta fara da haruffa uku, ta kafin 1963 ce a Paris. Ronis da Doisneau dukansu sun yi aiki da kamfanin dillancin hotuna mai suna Rapho, don haka ganin hatimin Rapho abin murna ne, sai dai hatimi ko a Kasuwar Dole ana sassaƙa shi.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne tarihin hannun da hoton ya bi. Baba ya yi aiki da Faransawa kafin 1960. Ka tambayi Hajiya wa ya ba shi, kuma yaushe. Ambulan, wasiƙa, ko rasit da ke tare da shi, kada ka yar da ko guntu.

Don Allah kada ka goge shi da ruwa, kada ka kai a yi masa laminatin, kada ka sa salatif. Ka sa shi tsakanin farar takarda biyu, nesa da rana da gara. Ka ɗauko mini bayansa da rana tsaka, da tsawonsa da faɗinsa a santimita, in nuna wa maigidana.

Ka gaida mini 'yan majalisar ƙofar gida. Kilishin da ka yi alkawari har yanzu ina zuba ido.

Naka amini.