Wasiƙa zuwa ga Sani, kafin ka biya kuɗin tikiti

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga hotunan tikiti biyun da ejan ya turo maka na tafiyar Brazil, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Wancan na Frankfurt ɗin da ka ce ya fi kwanta maka a rai saboda jiran awa uku ne kawai, don Allah dakata da shi. Mu masu koren fasfo na Najeriya muna cikin ƙasashe 12 da Turai ta ce ko ƙafarmu ba za ta fita daga filin jirgi ba sai mun nemi bizar wucewa, har da Gana da Habasha da Pakistan a jerin. Yuro 90 ne kuɗinta, ga cike fom ga jiran ranar ganawa, kuma lokacinka ya ƙure. Wanda yake da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai rai an ɗauke masa, amma bizar Brazil ba ta cikin waɗanda ke fitar da mutum. Kuma ba a Jamus za a tare ka ba, tun a Abuja wurin auna kaya za su duba fasfo su ce ba ka hawa, kana tsaye da akwati 'yan rakiya ba su ma bar harabar ba. Landan ma haka take da tata bizar, Amurka kuwa ba ta san wani abu wai wucewa kawai ba. Ejan da yawa kujera suke sayarwa, wannan bangaren kai ya dama.

Ni na Addis Ababa nake so ka ɗauka. Daga Kano za ka tashi, ka huta da wahalar hanyar Abuja, kuma kamfanin jirgin Habasha, Ethiopian, suna zuwa Sao Paulo ta Brazil da kansu. Na san awa goma sha huɗun nan ta jira a Addis ce ta tsorata ka, to a tsarinsu in jira ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu wani jirgi da ya fi kusa, suna ba da otal da abinci da motar kai ka ta dawo da kai, takardar fita ma su ke shiryawa. Sharaɗin dai tikitin ya zama guda ɗaya tun daga Kano har can, kar ka yarda a yanka maka shi biyu don rangwame, in aka raba sai ka fita ka karɓi akwati da kanka, nan kuma maganar biza ta dawo. Ka je ofishinsu ka sa a tabbatar maka da otal ɗin kafin ka biya.

Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, garin a kan tsauni yake sama da mita 2,300, da dare sanyi ne sosai. Magani da caja da kaya kala ɗaya duk a hannu, fawa bank ma dole a hannu, ba a yarda a sa shi a akwati ba. Soket ɗinsu mai rami biyu zagaye ne, ka sayi adafta tun a Kano. Katin allurar shawara ya zauna cikin fasfo.

Maganar lokaci ita nake so ka riƙe da kyau. Habasha sun riga mu da awa biyu, sannan suna da nasu lissafin da ke farawa daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe su ɗaya suke ce mata. In ma'aikacin otal ya faɗa maka lokacin da mota za ta zo ka sa ya nuna maka a agogon waya, ka kuma kafa alam biyu, baccin gajiya ba shi da amana.

Sallah kuma akwai wurin yi a filin jirgin Bole na Addis, kai matafiyi ne ka yi ƙasaru, in lokacin zai kama ka a sama ka haɗa. Alƙibla a can kusan arewa take, kar ka miƙe gabas yadda muka saba. Kilishin da na san sai Hajiya ta ƙulla maka ka cinye shi a hanya, Brazil suna da tsanani kan shigo da nama.

In ka sauka ka kama wayifai ka turo mana saƙo ko layi ɗaya ne, ka san hankalin Hajiya ba zai kwanta ba sai ta ji. Ka gaida Maman Abba da yara, ka ce wa Malam ina neman addu'a. Allah ya kai ka lafiya ya ba da sa'ar karatu.

Naka,
Bashir