Gaisuwar Sallah daga Ingila

Assalamu alaikum Baba, barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaida Inna da su Yaya da duk mutan gida. Mu nan cikin yayyafi muka sauko idi, layya kuwa sai dai ka biya mahauci a yanka a kawo maka nama a leda, ba ƙaurin babbaka ba komai.

Baba kun tuna ɗan layin dogon wasan nan da na haɗa a gareji da na turo hotonsa bara? To danshin hunturu ya shiga katakon ƙarƙashinsa ya kumbura ya lanƙwashe, duk sanda jirgi ya zo mahaɗar allon biyu sai tarago ya kauce, wallahi abin ya tsaya min a rai. Shi ne na ɗauki hutun kwana 3 na ɓalle wajen gaba ɗaya. Na sayo filawud mai kaurin milimita 9 na yanka allo biyu, kowanne ƙafa 4 da ƙafa 2, na yi musu firam da gam da sukuru, na huda hanyar waya tun kafin in rufe, sannan na shafe ciki da waje da fenti saboda danshin nan.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne mahaɗar. Irin wannan layin OO ake ce masa, komai an rage girmansa sau 76, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 16.5 ne kacal, to ko kaurin farce aka samu bambanci jirgi ba zai wuce ba. Na durƙusa ina shafa wajen da yatsa ina sassauta noti ina ƙara ɗaurewa har bayan isha'i, sai kawai na tuna ku lokacin kuna reluwe, kuna dawowa da baƙin mai a hannu. Tsakuwar layin ma da cokalin shayi na zuba ta, na ɗiga gam da aka sirka da ruwa. Jiya jirgin ya zaga sau 10 bai kauce ba, Alhamdulillah.

Sabon wajen tashar Kano nake so in gina, jikanku har ya haddace cewa 1911 jirgi ya iso Kano, yanzu shi ke murza ƙananan buhuna da yumɓu za mu jera dalar gyaɗa. Dan Allah Baba in an sarara da baƙi ku sa Auta ta ɗauki muryarku a WhatsApp, ku faɗa min ta wane gefe tankin ruwa yake da kuma inda ake lodin gyaɗa, na bar wajen fili ina jiranku.

Goron Sallah na wajen Yaya. Uwargida na gaisuwa.

Ɗanku