Amsa ga ƙanina da ya tambaye ni kan Carnegie da ƴan ƙwadago

Assalamu alaikum ƙanina. Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai tunda attajirai irin su Andrew Carnegie da John D. Rockefeller ne suka gina Amurka, don me nake ta kare ƴan ƙwadago, ai su ne masu kawo cikas da yajin aiki.

To ban musa ba, mutanen nan sun gina abu. Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870, kafin ka ce kwabo kusan kashi 90 cikin 100 na tace man ƙasar ya koma hannunsa, sai da kotun ƙoli ta farfasa kamfanin gida 34 a 1911. Carnegie shi ƙarfe ne harkarsa, ya sayar wa attajirin banki J.P. Morgan kamfaninsa a 1901 kan dala miliyan 480, ya gina laburare sama da 2,500. Duk na sani.

Amma zo mu je Homestead, wani gari kusa da Pittsburgh inda Carnegie ke da masana'antar ƙarfe, shekarar 1892. Mutum ya tsaya gaban narkakken ƙarfe awa 12, ya dawo gida ko yaransa bai iya yi wa magana don gajiya, sannan manajan Carnegie, Henry Frick, ya ce za a rage albashi, da ƙungiyar ma'aikata ta ƙi sai ya zagaye masana'antar da katanga da waya mai ƙaya ya kulle su a waje, shi kuwa mai gidan yana can Scotland abinsa. Ranar 6 ga Yuli da asuba aka shigo da ƴan bindigar haya na kamfanin tsaro na Pinkerton kusan 300 cikin jiragen ruwa biyu ta kogin Monongahela. Mutanen gari suka fito bakin ruwa, har da mata da yara. Aka wuni ana harbi, aka mutu ta ɓangarorin biyu, ƴan Pinkerton suka miƙa wuya. Sai gwamna ya turo dakarun jiha wajen 8,000, zuwa Nuwamba yunwa ta karya yajin, ƙungiyar ta mutu a Homestead, ma'aikatan ƙarfe ba su sake samun ƙungiya mai ƙarfi ba sai bayan 1930.

Wallahi abin na taɓa min zuciya. Wanda ke aikin awa 12 yaushe zai shiga laburaren ya yi karatu?

Kuma aikin awa takwas a rana ɗin nan ba kyauta wani attajiri ya bayar ba. A kanta ma'aikata suka fita yajin 1 ga Mayu 1886, aka yi rikicin Haymarket a Chicago, aka rataye mutum huɗu daga cikin masu fafutukar ƴan ƙwadago a 1887. Daga nan hutun 1 ga Mayu da kake kwana a gida ya samo asali, kuma a Najeriya Kano ce ta fara ba da shi a 1980 zamanin Abubakar Rimi.

Ka gaida mutanen gida.