Wasiƙa daga Landan: kada a yi gaggawar sayar da fayafayan Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida a Gusau. Saƙonka ya iso, na ga batun mai sayen tsofaffin kaya da ya taya akwatin fayafayan marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa. Don Allah a dakata. Kayan gado ne, da haƙƙin kowa a ciki, bai kamata a sallama su a dunƙule ba a san abin da ke akwatin ba.

Tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Abin da ake dubawa shi ne kamfanin da ya buga, bugu na nawa ne, da lafiyar faifan. Ka fara da ware su. Masu nauyi da tauri, masu 78 a jiki, wato yawan juyin da suke yi a minti ɗaya, su ne na garmaho, kuma suna fashewa kamar tangaran. Ƙanana masu inci 7 yawanci 45 ne, manya masu inci 12 kuma 33. Waƙoƙin Turawa da aka buga da ɗimbin yawa ba su da wani kuɗi a nan. Waɗanda ake nema su ne bugun Najeriya na shekarun 1970, na kamfanoni irin su EMI, Decca, Afrodisia da Tabansi, musamman kiɗan Afrobeat da na samarin Legas na lokacin.

A takardar tsakiyar kowane faifai akwai lamba. Akwai kuma wata da aka zana a santsin da ke kewaye da takardar, sai ka karkata shi ga haske za ka gan ta. Wannan ta biyun ita ke raba bugun farko da wanda aka maimaita, kuma bambancin kuɗinsu yana da yawa. Ka ɗauki hoton duka biyun, da kwalin gaba da baya, ka turo mini. Za a duba su a Discogs, shafin intanet na cinikin fayafayai, inda ake ganin mafi ƙarancin farashin da aka sayar da faifai, da matsakaici, da mafi yawa. Wanda aka saya da shi za mu bi, ba wanda mai kaya ya yanka ba.

Lafiyar faifai ita ce wurin da kuɗi ke zubewa. A lissafin masu sana'ar, wanda aka ɗan yi amfani da shi yakan samu rabin kuɗin mai kamar sabo, wanda ya sha allura yana ƙara kuma kwata. Karcewar da farce ke ji, kunne ma zai ji ta. Kwalin da gara ta ci yana rage daraja, amma ko ya yage kada a jefar.

Kafin nan, a fitar da akwatin daga ƙarƙashin kwano, zafin bazara yana lanƙwasa su, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. A jera su a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba. A riƙa kama su ta baki. In za a wanke, tataccen ruwa na kemis lita 1, ɗigo 2 na sabulun ruwa, da ƙyalle mai laushi, a bi zagayen layin, kada ruwa ya taɓa takardar, a shanya a inuwa. Ban da kananzir, ban da fetur. Sifirit kuwa narkar da fuskar masu 78 yake yi. Kada yara su ɗora mai 33 ko 45 a kan garmaho don gwaji, allurar ƙarfe za ta cinye shi a juyi ɗaya.

Fayafayan makaɗan fada da na noma na ƙasarmu su suka fi damuna. Masu sayensu a nan kaɗan ne, don haka kuɗinsu ba lallai ya kai na Legas ba, alhali wasu ba sauran kwafinsu da yawa. Ra'ayina a riƙe su, ko aƙalla a naɗe sautinsu a kwamfuta kafin su bar gida. Ka shawarci Inna da sauran magada a kan wannan.

Ka fara turo hotunan masu inci 12. A gaishe da Inna ƙwarai, a ce ta sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka