Zuwa ga ɗana a Yamai, kan maganar Auta

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kasuwa kuma tana albarka. Mu nan Maraɗi lafiya lau. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, an gama noman farko. Innarku tana gaishe ka, ta ce saƙon ya iso, Allah ya yi albarka.

Muryar da ka turo ta WhatsApp ranar Juma'a ƙanenka ya kunna mini, na saurara har sau uku. Ban kira ka ba don na san halinmu ni da kai, magana biyu sai murya ta ɗaga. Shi ya sa na zauna bayan sallar asuba na ɗauki biro.

Na gane abin da kake nufi. Ka ce ƙanwarka Auta ta ci bak, jarrabawar gama lise wato babbar sakandare, ya isa haka. Ka ce budurwa ba ta da abin nema a sansanin kwana goma da ba gidan ubanta ba, kulob ɗin da take zuwa kuma baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Ka ce abokin cinikinka yana nemanta, mutumin kirki ne mai abin hannunsa. Ban ga mugunta a maganarka ba, kishin ƴar'uwarka na gani. Ni ma irin wannan kishin na yi a kan yayarku, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa maka da bakina ba.

Kana ɗan shekara tara aka yi bikinta, abin da kake tunawa bai wuce kiɗa da tuwo ba. Shekararta goma sha huɗu, tana ajin ƙarshe na firamare. Malaminsu ya zo har zauren nan sau biyu yana roƙona in bar ta ta yi jarrabawa. Na ba shi ruwa ya sha, na yi masa godiya, na sallame shi. Tsoron bakin mutane nake, ina ganin kamar rufa mata asiri zan yi. Da haihuwa ta zo, kwana biyu tana naƙuda a ƙauyen mijinta kafin a sa ta a amalanke. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Ba a yi wata uku ba takardar saki ta biyo ta gida. Shekara bakwai ta yi a ɗakin bayan nan, ba biki ba suna, tabarmarta daban. Sai da aka buɗe asibitin masu wannan lalura a Danja a 2012 aka yi mata aiki, Allah ya sa aka dace. Ba ta taɓa ɗaga ido ta ce Baba kai ka jawo mini ba. Da ta faɗa, wataƙila da na fi samun sauƙi. Har yau in na ga tana duba littafin ɗiyar maƙwabta tana haɗa baƙi a hankali, sai in tashi in bar wurin.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. A taron kwamitin iyayen yara aka karanta mana ƙididdigar 2012: cikin ƴan mata ɗari a Nijar, 76 ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa 89. Da na ji lambar ban yi mamaki ba, gidajen layinmu na shiga ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare ƴa mace da ke karatu da tallafa mata. Doka tana da amfaninta, amma ba ta shiga zaure. A zaure uba ne da wa suke yanke magana, kuma in ƙasa ta rufe mini ido kai ne za ka zauna a wurina.

Maganar baƙon abu kuwa, ka tambayi innarku. Asusun da take zuwa kowace Laraba, wanda ake kira Mata Masu Dubara, a nan ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Mu aka koya a wurinmu. Ka san yadda suke yi: mata kamar talatin, kowa ta zuba abin da aka yanka a mako, akwatin ƙarfe da makullai a hannun mata daban-daban don kada mutum ɗaya ya buɗe shi, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta maido, in lokaci ya cika a fasa a raba. Daga akwatin nan aka sayi injin markaɗen da ya ciyar da mu shekarar da shagona ya ƙone. Daga nan aka yi kuɗin motar Danja. Amma abin da na fi lura da shi ba kuɗin ba ne. Innarku da na aura ba ta iya magana gaban mutum uku. Yau ita ke tashi gaban mai unguwa ta faɗi abin da ke damun mata game da famfo, a saurare ta. A wurin zubi ta koyi wannan, mako bayan mako.

In ka koma baya ma, fadar Maraɗi tana da Iya, Gobirawan Tibiri suna da Inna, mata masu sarauta da ake jin maganarsu. Nana Asma'u ta tsara ƴan taru, malamai mata da ake kira jaji suna yawo ƙauye-ƙauye suna karantar da mata addini; kakanninmu sun yi yaƙi da Sakkwato, amma wannan aikin ba wanda zai kushe shi. Kai da ke Yamai kana ganin bikin ranar matan Nijar na 13 ga Mayu kowace shekara. Ranar ce a 1991 mata suka fito kan titi saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ba su koma gida a banza ba, an ƙara musu kujeru. Ina makarantar boko a zamanin samariya, ƙungiyar matasa ta wancan lokaci, ƴan mata da samari kowa da shugabanninsa, ana gayya ana share gari. Taruwar mata don su amfani juna ta girme ni, ta girme ka.

Ban ce duk abin da aka kira kulob alheri ne ba. Na ga masu zuwa da farar mota su raba riguna, su ɗauki hoto, su tafi, bayan wata shida ko allon ba ka gani. Shi ya sa da Auta ta nemi izini shekara uku da suka wuce ban amsa nan take ba. Na je da ƙafata, na zauna a bakin ƙofa. Ƴan mata ashirin da wani abu ne a ajin wata makaranta ranar Asabar da yamma, tare da malama guda da wata ungozoma da ta yi ritaya. Manya suna koya wa ƙanana lissafi. Ungozomar tana yi musu bayanin al'ada da tsafta, abin da iyaye mata da yawa ke jin nauyin faɗa, har yarinya ta riƙa fashin makaranta kwana huɗu kowane wata ba wanda ya san dalili. Suna da ɗan asusunsu, dala biyar-biyar, da shi suke saya wa wadda ta rasa littafi ko sabulu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne in ɗaya ta yi mako ba ta zo aji ba, su uku suke saka hijabi su tafi gidansu su gaida uwar, su tambaya. Da yayarku ta samu ko mutum uku irin waɗannan, wataƙila da na ji kunya na dakata.

Sansanin ma na je bara, ranar da aka gayyaci iyaye. A makaranta ake yin sa lokacin hutu, mata ne ke kula da su dare da rana, namiji ba ya wuce ƙofa sai da dalili, ana salla a kan lokaci. Sun haɗu da ƴan mata daga Tasawa, Mayahi, Dakwaro da Madarunfa. An koya musu taɓa kwamfuta, da yadda ake cika takardun neman burs, wato tallafin kuɗin karatu, abin da ke kayar da yara da yawa: ga maki mai kyau, amma ba takardar haihuwa, ko an bari lokaci ya wuce. An kawo musu likita mace, haifaffiyar wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, ta ba su labarin yadda ta yi tallan fura tana karatu. Auta ta dawo ba ta da zance sai na matar nan. Tun daga ranar ta daina cewa in Allah ya sa na gama lise, ta koma cewa in na zama likita. Bana ba a matsayin ɗaliba za ta je ba, ita aka zaɓa ta kula da ƙanana goma.

Takardunta na burs mun kai, ta hannun ANAB, hukumar ba da burs ta ƙasa, ake bi, kuma makinta ya ba mu ƙarfin gwiwa. Karatun likita take so, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan cikin gari, tana da sashen lafiya. Ba wata ƙasa za ta ba, a ɗakin innarku za ta riƙa kwana. Sai dai karatun yana da tsawo, kuma ko burs ya fito ba zai ɗauke komai ba: ga littattafai, ga kuɗin kabu-kabu, ga kwamfuta. Ni ƙarfina ya ragu, ido ma ya fara gajiya. Ina so ka ɗauki jika goma a wata, ka riƙa turo mata kai tsaye, ba ta hannuna ba. So nake ta san wanta yana bayanta. Ka tuna matarka da ta ƙi zuwa awo watanni saboda ba ta son namiji ya duba ta. Likita macen da kuka yi ta nema, wani uba ne ya haƙura ya bar ta ta gama, wani wa ne ya biya mata kuɗin mota.

Abokinka kuma ban ƙi shi ba, ban san shi da aibu ba. Aure sunna ne, ina roƙon Allah ya nuna mini na Auta. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Na tambaye ta gaban innarku, ta sunkuyar da kai ta ce Baba a bar ni in yi karatu tukuna. Wancan karon ban tambaya ba. In yana sonta da gaske, ya zo mu zauna, ya ji sharaɗin karatu da kunnensa gaban shaidu, ita ma ta gan shi ta faɗi ra'ayinta. In ba zai iya jira ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa, kada cinikinku ya ɓaci saboda wannan.

Za su shiga sansanin Asabar ta sama, ranar iyaye kuma Alhamis ce. In ka shigo motar dare ranar Laraba, da safe kana gida, mu tafi tare ka gani da idonka, ka yi duk tambayar da kake so. Yayarku ta ce ita ma za ta je, har ta kai ɗinki. Kafin nan ka kira Auta, ta ji saƙon naka, kwana biyu ke nan ba ta cin abincin kirki.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yaran. In za ka taho ka riƙo mini maganin idon nan irin na wancan karo.

Wassalam,
Mahaifinka
Maraɗi