Kafin a ba kamfanin hulɗa da jama'a kwangilar kare masu tafiya a ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na safe na makon jiya, wanda aka tattauna yadda ababen hawa ke yawan kaɗe mutane a cikin gari. Ɗaya daga cikin baƙinku ya ba da shawarar gwamnati ta ɗauko kamfanin hulɗa da jama'a, ta ba shi kwangilar gangamin wayar da kai, a kafa allunan talla, a sa sanarwa a rediyo, domin jama'a su koyi tsallaka titi. Na yi ta kiran layinku bai shiga ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni malamin firamare ne a nan Kano, shekarata 24 ina koyarwa, kuma makarantarmu tana bakin babban titi. Duk yaron da ya shigo hannunmu sai ya haddace ƙa'idar nan: duba hagu, duba dama, sake duba hagu. Har waƙa muka mayar da ita. Shekara uku da suka wuce mota ta kaɗe wata ɗalibata 'yar aji huɗu a ƙofar makaranta, ina tsaye ina gani. Yarinyar ta duba hagu, ta duba dama. Wata babbar mota da aka ajiye a bakin ƙofa ce ta tare mata gani, shi kuma mai tahowa ya taho da gudu irin na wanda ke kan hanyar Zariya. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma har yau tana ɗingishi. Da nake sauraren baƙonku, ita ce ta faɗo mini a rai, na ce to wane allo ne zai koya mata abin da ba ta sani ba?

Gudu shi ne tushen maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma a cikin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai shi kisa. Hukumar ta kuma ce in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta kaɗe yakan ninka sau huɗu da rabi. Direba bai ma jin bambancin kilomita 15 ɗin nan a ƙafarsa, amma shi ke raba karaya da likkafani. Saboda haka in har za a kashe kuɗin jama'a a kan saƙo, wanda ke riƙe da sitiyari ya kamata saƙon ya fara nema.

Ina jin tsoron kada a yi akasin haka, domin an taɓa yi. A Amurka, farkon shigowar mota, titi na kowa ne, kuma in mota ta kashe yaro direba jama'a ke tuhuma. A 1923 mutanen birnin Cincinnati kusan 42,000 suka sa hannu a takarda suna neman a sa wa motoci na'urar da za ta hana su wuce mil 25 a awa. Dillalan motoci suka tashi da tallace-tallace a jaridu har aka kayar da ƙudurin a ƙuri'a. A shekarun nan ne masu harkar mota suka yaɗa kalmar jaywalker, wadda ma'anarta ta yi kusa da baƙauyen da bai san yadda ake tafiya a birni ba, ana kunyata duk wanda ya tsallaka ba a inda aka ce ba. Gangamin ya yi nasara ƙwarai, laifi ya tashi daga kan mai mota ya koma kan mai ƙafa. Ka ga ashe aikin hulɗa da jama'a yana da ƙarfi. Abin dubawa shi ne wa aka nufa da shi, kuma wa zai kwana da laifin bayan an gama.

Waɗanda suka rage mutuwa da gaske wata hanya suka bi. A 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da manufar da ake kira Vision Zero, wadda ta ginu a kan cewa ɗan Adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, don haka a gina titi yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba, kuma masu tsara titin su ɗauki nasu rabon na alhaki. Birnin New York ya karɓi manufar a 2014 zamanin magajin gari Bill de Blasio. An yi talla sosai, amma a cikin shekarar aka rage iyakar gudu a gari daga mil 30 zuwa 25, aka ƙara kyamarorin kama masu gudu a kusa da makarantu, daga baya aka sake fasalin Queens Boulevard, titin da jama'a suka laƙaba wa sunan titin mutuwa. Tallan yana bayyana wa mutane abin da suke gani ana yi ne a ƙasa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne Hoboken, ƙaramin birni mai mutum kusan 60,000 a jihar New Jersey ta Amurka, wanda ya yi shekaru a jere tun daga 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titinsa ba. Cikin abubuwan da suka yi har da hana ajiye mota dab da mahaɗar hanya, suka kafa ƙananan sanduna na roba a wurin don kada kowa ya tsaya, yadda direba da mai tsallakawa za su hangi juna tun daga nesa. Fenti ne da roba. Da akwai wannan a ƙofar makarantarmu, da yarinyar nan ta hango motar.

Kada a ɗauka ina ƙin wayar da kai ne, ai sana'ata ke nan. A Bogota, babban birnin Kolombiya, magajin gari Antanas Mockus da ya hau a 1995 ya zuba ɗaruruwan 'yan wasan kwaikwayon da ba sa magana a mahaɗun tituna, suna kwaikwayon duk direban da ya hau kan zanen tsallakawa har sai kunya ta sa ya ja baya. Daga baya aka riƙa zana tauraro a kan kwalta a daidai inda mota ta kashe mutum. Wannan saƙo ya shiga ne saboda wanda ya tsara shi ya san halin mutanensa. Mu ma muna da namu hanyoyin. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, 'yan adaidaita sahu ne suka cika titi, kuma suna da shugabanni da suke jin maganarsu. Direbobin bas da na tifa suna da 'yan yuniyon a tasha. Limamin Juma'a in ya yi huɗuba a kan haƙƙin ran da aka salwantar da ganganci, ya fi allo ɗari isa zuciya. Kamfanin da bai taɓa shan shayi a tasha da asuba ba, wanda zai rubuta saƙonsa da Turanci a ofis ya bayar a fassara, ba na jin zai iya wannan aikin.

To in an ga dole sai an ɗauko kamfani, ina roƙon a fitar da kwangilar fili kowa ya san nawa ne, kuma kasonsa ya zama kaɗan a kan abin da za a kashe wajen tudun rage gudu, da zanen tsallakawa, da fitilun titi, da wajen tsayawa a tsakiyar hanya domin tsoho ya tsallaka rabi ya huta. Kafin a fara, a zauna da hukumar kiyaye haɗurra da asibitoci a gano wuraren da aka fi kaɗe mutane, a auna gudun motoci a can, bayan shekara a sake aunawa. Da wannan awon za a san ko kamfanin ya ci kuɗinsa. Yawan riguna da hulunan da aka raba ranar ƙaddamarwa ba ya nuna komai. Sannan a daina ɗora wa mutane laifin ƙin hawa gadar sama ba tare da an je an ga matakalarta ba. Mai juna biyu da mai keken guragu da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba taurin kai ke hana su ba.

Ranka ya daɗe, roƙona gare ka shi ne in za ku sake wannan tattaunawa ku gayyato injiniyan hanya da shugaban 'yan adaidaita sahu da uwar da aka taɓa kaɗe wa ɗa. Kuma ku turo wakilinku ya tsaya a ƙofar kowace firamare da ke bakin babban titi da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da ake tashi, ya naɗo muku abin da zai gani. In tamu ya zaɓa, zai same ni a tsakiyar titi na ɗaga hannu, yara na bayana.

Wassalam.

Naka mai saurare,
wani malamin firamare, Kano