Zancen faɗuwar da ka yi a fili

Assalamu alaikum.

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mutanen gida duk lafiya lau, sai Hajiya da ƙafar nan tata da ka sani. Ummanka ta ce in tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso, ƙannenka kuma suna jiran rigar da ka yi musu alkawari.

Labari ya zo mini cewa makon jiya ka faɗi a wurin atisaye. Kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya faɗa mini, ya fi ka hankali. An ce kuna tsakiyar gudu, ba wanda ya taɓa ka, ka yanke jiki ka faɗi. Aka kwara maka ruwan leda, aka yi ta fifita da riga har ka farfaɗo, ka ce wai yunwa ce da zafin rana, washegari ka ɗaura takalmi ka koma fili. Sau uku muka yi waya tun daga ranar. Ka ba ni labarin kocinku, ka ba ni labarin masu zuwa ɗaukar 'yan wasa a wata mai kamawa, amma wannan ka haɗiye shi.

Tambaya ɗaya nake so ka amsa mini, kuma ka tuna da kyau kafin ka amsa: kana cikin gudun ka faɗi, ko bayan ka tsaya? Tsakanin biyun nan akwai nisa. Wanda ya gama gudu ya tsaya cak, jini yakan taru a ƙafafunsa, domin tsokar ƙafa ta daina tura shi sama. Sai ya ji jiri, idonsa ya yi duhu, ya sulale. Idan aka kwantar da shi aka ɗaga ƙafafun, cikin ɗan lokaci ya dawo, kuma yawanci ba wani abu ba ne. Amma wanda ya faɗi ƙafarsa na kan gudu, ba jiri, ba gargaɗi, likitocin wasanni suna ɗaukarsa a matsayin mai ciwon zuciya har sai gwaji ya wanke shi. Yunwa ba ta yanke mutum lokaci guda haka. Tana fara sa rawar jiki da zufa mai sanyi da kasala, mutum yana ji tana zuwa.

Ka san abin da ya sami Baffanka, ka san shekarunsa a lokacin, ka san kuma ba jinya ya yi ba, mutuwar fuju'a ce. Ba mu cika maganar a gida ba saboda Hajiya. Yanzu dole in yi ta, domin akwai ciwon da ake gado, wanda tsokar zuciya ke yin kauri fiye da kima. Ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 500, kuma idan uba ko uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa. Mai shi yakan tashi ƙaƙƙarfa, ya fi kowa gudu a unguwa, har ranar da zuciyar ta rikice tana tsakiyar aiki. Maimakon ta buga ta tura jini, sai ta kama kakkarwa kawai, jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi mutum ya faɗi. Wani lokaci takan daidaita da kanta, sai a ce ya suma ya farfaɗo. Wani lokaci kuma shi ke nan. Wannan ciwon aka gano a zuciyar Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a tsakiyar fili a Lyon ranar 26 ga Yunin 2003, suna wasa da Kolombiya, ba kowa kusa da shi. Ya rasu yana da shekara 28. Kafin shi mun ga Samuel Okwaraji a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, a wasa da Angola, yana da shekara 25. Ba a haife ka ba a lokacin, amma ai kana da wayo a Maris ɗin 2020 da Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya. Duk cikinsu ba rago, kuma ba wanda ya kai su sanin yadda ake cin abinci kafin wasa.

Na san abin da ke ranka. Kana tsoron idan ka buɗe baki za a ajiye ka a benci, masu ɗaukar 'yan wasa su zo su tafi ba su gan ka ba. To ka ji. Nwankwo Kanu ya dawo da zinare daga gasar Olympics ta Atlanta a 1996, Inter Milan ta saye shi, gwajin lafiyar da suka yi masa ya nuna matsala a ɗaya daga ƙofofin zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo, ya tafi Arsenal, ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1999. Gwajin da kake gudu shi ya ba shi waɗannan shekarun. Kuma ko ka ɓoye yau, babu ƙungiyar kirki a Turai da za ta sa hannu da kai ba ta duba zuciyarka ba. Italiya ta wajabta gwajin tun 1982, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya.

Ga abin da za ka yi. Daga ranar da takardar nan ta same ka, ba gudu, ba ɗaga ƙarfe, ba wasan yamma na unguwa, har sai likitan zuciya ya gan ka. Likitan zuciya na ce, a asibitin koyarwa ko babban asibitin gwamnati, kada ka je mini kemis. Ka faɗa masa faɗuwar yadda ta faru, ka faɗa masa zancen Baffanka ko bai tambaya ba, domin mutuwar fuju'a a dangi kafin shekara 50 tana canza yadda zai dube ka. Ka faɗa masa idan ka taɓa jin ƙirjinka ya ɗaure a cikin gudu, ko zuciyarka ta yi ta dukan uku-uku ba dalili, ko haki ya kama ka a inda abokanka ba su gaji ba. Zai auna hawan jini, ya saurari ƙirjin kana kwance da kana tsaye, sannan a yi ECG, wato wayoyin nan goma da ake mannawa a ƙirji da hannu da ƙafa don karanta bugun zuciya. Minti biyar ne. Bayan shi sai hoton zuciya da ake kira eko, wanda ke auna kaurin bangonta. Na yawancin mutane bai wuce milimita 11 ba, na ɗan wasa yakan kai 12 ko 13 saboda aiki, daga 15 zuwa sama kuma ana zargin ciwon da na faɗa maka. Idan naka ya faɗo a tsakani, mai yiwuwa ya ce ka huta kamar wata uku a sake aunawa, domin kaurin atisaye yana sacewa idan an huta, na ciwo kuwa yana nan daram. Tun da a cikin gudu ka faɗi, ka roƙi a yi maka gwajin da ake ɗora mutum a kan injin gudu ana kallon bugun zuciyarsa, da ƙaramar na'urar da ake rataya wa mutum awa 24. Akwai kuma jijiyar zuciya da kan fito ta gurbin da ba nata ba tun haihuwa, wadda ECG ba ya nunawa, shi ya sa ba na son ka tsaya a gwaji ɗaya ka ce an wanke ka.

Wani abu kuma, kada wani ya firgita ka a banza. Bugun zuciyar ɗan ƙwallo yana hutawa yakan sauka zuwa 50 ko ƙasa da haka a minti, lafiya ce. Sannan ECG na 'yan wasa baƙar fata yakan nuna wasu alamu a layukan gaban ƙirji waɗanda a jikin Bature za a ce ciwo ne, a wurinmu kuwa ba komai, kuma ƙa'idojin duniya na 2017 kan karanta ECG na 'yan wasa sun bayyana haka. Saboda haka a ba wanda ya saba karanta na 'yan wasa.

Ka kuma tuna kai AS ne, takardar tana cikin akwatin Ummanka. Ba ciwon sikila gare ka ba, kuma AS ba ya hana ƙwallo. Amma idan aka haɗa gudu mai tsanani ba hutu, da zafi, da ƙishirwa, ko zazzaɓi, jinin yakan lanƙwashe ya toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta fara narkewa, dattinta ya tafi ƙoda. Alamarsa daban take da ta zuciya: ƙafafu su mutu, tsokar ta yi laushi ba ta ɗaure kamar ta mai jijiya ba, mutum ya durƙushe amma yana magana. Idan ka ji haka ka tsaya nan take ko koci na ihu. Shi ma likitan ya san da wannan.

Ruwa kuwa, ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya tafi, lita ɗaya ce ta zufa, kuma lita ɗaya da rabi za ka mayar, wato ledar ruwa uku, a hankali cikin awanni, da abinci mai ɗan gishiri. Fitsarin safe idan ya yi ja kamar shayi, ba ka sha isasshe ba. Idan zazzaɓi ya kama ka, maleriya ce ko mura mai ciwon jiki, ba fili sai ya sauka ka warware, domin wasu ƙwayoyin cutar suna kumbura tsokar zuciya, kuma wanda hakan ta same shi wata uku zuwa shida ake hana shi wasa.

An kuma ce mini a masaukinku ƙwayoyi na yawo kamar gyaɗa, kowa na haɗiya kafin wasa. Ban ce kana sha ba, amma wanda ya ɓoye mini suma, me zai hana ya ɓoye mini wannan? Tramadol yana sa farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, fitsari ɗaya ya isa a dakatar da kai. Diclofenac, maganin ciwon jikin nan, a cikin jikin da ya bushe da zufa ƙoda yake ci. Lemukan ƙara kuzarin nan na gwangwani kuma, mai zuciyar da ake zargi ba ya kusantarsu. Wallahi idan na tabbatar kana haɗiyar wani abu don ka ɓoye ciwo, da kaina zan zo in tattara kayanka. Ni na tsaya maka lokacin da duk gidan nan aka ce ƙwallo ba sana'a ba ce. Ni na shawo kan Ummanka, ni na sa hannu a takardar. Har yau ban yi nadama ba, amma ban sa hannu don a kawo mini kai a bayan mota ba, kuma ba ni da bakin da zan sake shiga ɗakin Hajiya da irin wancan labari.

Saura abu ɗaya, ka koya ka kuma koya wa abokanka, domin ranar da ka faɗi ba wanda ya yi abin da ya dace. Duk ɗan wasan da ya faɗi ba a taɓa shi ba, aka kira shi bai amsa ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya. Yana iya yin shure-shure kamar mai farfaɗiya, yana iya jan numfashi jefi-jefi kamar mai minshari, duk kada su ruɗe ku. Ba a cusa cokali a baki, ba a jawo harshe, ba a ɗura ruwa, ba a tsaya fifita. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya ɗora tudun tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, yana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Wanda ya iya hura numfashi ya hura biyu bayan kowace dannawa 30, wanda bai iya ba ya ci gaba da dannawa kawai. A riƙa canza hannu duk minti biyu, saboda gajiya na rage zurfin. Ko haƙarƙari ya karye kada a tsaya. Wani ya ruga neman mota, wani ya ɗauko na'urar AED mai farfaɗo da zuciya da lantarki, wadda ke karanta bugun da kanta ta faɗi lokacin da za a danna maɓalli. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Abin da ya ceci Christian Eriksen, ɗan wasan Denmark, ke nan a Kopenhagen a Yunin 2021, an fara danna ƙirjinsa a take, na'urar kuma tana gefen fili. Ka tambayi shugabanninku cikin ladabi ko suna da ita, ina ake ajiye ta, kuma batirinta na aiki. Idan tana kulle a ofis, makullin na aljihun wanda ya tafi kasuwa, daidai take da babu.

Ban faɗa wa Ummanka ba tukuna, na ce mata takardar makaranta nake rubuta maka. Na fi so ta ji daga bakinka bayan an yi gwajin. Ni ma zan je a duba tawa zuciyar, in kai ƙannenka, tun da ta wajena abin zai bi in akwai shi. Na tura maka kuɗin ECG da na eko da na mota, kada ka sayi takalmi da su. Idan ka karɓi ranar ganin likita ka sanar da ni, zan shigo motar asuba mu shiga tare. In Allah Ya sa ba a ga komai ba, ni zan raka ka fili in zauna a rana in kalli wasanka.

Ka kira ni daren yau bayan isha'i da amsar tambayar nan. Allah Ya tsare ka, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.